Firji Mai Aiki da Gas da Lantarki: Ina Ake Fara Neman Matsala Idan Ya Ƙi Sanyi?

A cikin kayan gwanjo da ke shigowa daga Turai, akan ga wani ƙaramin firji mai siffar akwati, murfinsa a sama, a bayansa kuma da wayoyi biyu da bakin tiyon gas. An yi shi ne domin mutanen Turai da Ostireliya masu fita hutu daji ko bakin teku, su kafa tanti ko su kwana a ɗakin da mota ke ja. A gida sukan jona shi da wutar bango, a hanya da batirin mota, idan sun sauka inda babu lantarki kuma su kunna masa gas. Irin sa ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk wanda ya san ƙananan asibitocin karkara a shekarun baya ya san firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ciki, kuma tsarin aikinsu ɗaya ne.

Wannan firji yana wahalar da masu shi, yana kuma wahalar da masu gyara, saboda ana tunkararsa da ilimin firjin gida. Mai gyaran firji ya saba da jin ƙarar kwamfuresa, ya saba da cewa gas ya ƙare sai an ɗura. Nan kuwa babu kwamfuresa, babu ƙara, babu wurin ɗura komai. Lantarkin da ke shiga cikinsa aiki ɗaya kawai yake yi, wato dumama wani bututu. Saboda haka kowace matsalar wuta a cikinsa tana komawa ga tambaya guda: shin zafi ya isa bututun nan, kuma ya isa da yawan da ake bukata? Wanda ya riƙe wannan tambayar zai gano matsalar da mitar awon wuta ɗaya da ɗan haƙuri, ba tare da ya sayi kayan da ba a bukata ba.

Yadda zafi ke haifar da sanyi

Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su ne suka fito da wannan tsari a 1922, suna karatun injiniya a birnin Stockholm. Kamfanin Electrolux ya karɓi fasahar a 1925 ya shiga ƙera ta, kuma sashensa da ke yin irin waɗannan firji shi ne ya ware daga baya ya zama Dometic. Shi ya sa sunayen nan biyu suka fi yawa a jikin waɗanda ake samu a kasuwa.

A bayan firjin akwai bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka liƙe gaba ɗaya da walda. A ciki akwai ruwa da amoniya da iskar haidirojin, da kuma ɗan sinadarin hana tsatsa. A gefe ɗaya daga ƙasa akwai wurin da ake dumamawa, wanda za mu kira tukunya. Idan ta yi zafi, amoniya ta rabu da ruwa ta tashi sama a matsayin tururi. Can sama ta bi ta cikin faifan ƙarfe masu shan iska, ta huce ta koma ruwa, ta gangaro cikin bututun da ya ratsa cikin akwatin. A nan take haɗuwa da haidirojin ta sake tashi, kuma wajen tashin nan take zuƙe zafin da ke cikin akwatin, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa yake sanyaya na ciki yayin da yake bushewa. Daga nan ta sauko, ruwa ya sake shanye ta, su koma tukunya tare. Babu famfo mai tura komai. Zafi ne ke kai su sama, nauyinsu ne ke dawo da su ƙasa.

A jikin tukunyar ne hanyoyin zafi uku suke haɗuwa: elimen mai amfani da wutar bango ta bolt 230, wani elimen dabam mai amfani da bolt 12 na batir, sai kuma harshen wutar gas da ke bin wani bututun hayaƙi. Kowannensu cin gashin kansa yake yi, kuma ba a kunna biyu a lokaci guda, domin zafin zai wuce kima ya lalata tsarin.

Gwajin farko

Wannan rabuwa ta hanyoyin uku ita ce babbar sa'ar mai bincike. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a gwada firjin a kan kowace hanya, a ba shi sa'o'i. Idan ya yi sanyi da gas amma ya ƙi da wutar bango, bututun sanyi lafiya lau yake, laifin yana layin bolt 230. Idan ya yi da gas da wutar bango amma ya ƙi a mota, a nufi layin batir. Idan kuwa ya ƙi a dukkan ukun alhali tukunya tana ɗaukar zafi, to ba maganar lantarki ba ce ko kaɗan, kuma sauya fis ko elimen asarar kuɗi ne.

Hannu ma yana ba da labari. Bayan kamar rabin sa'a da kunnawa, murfin da ya rufe tukunya zai yi ɗumi sosai. A taɓa da hattara, don wurin yana ƙuna. Idan wurin ya zauna da sanyinsa, wuta ba ta isa elimen ba ko kuma elimen ya mutu.

Abubuwan da ake ɗauka lalacewa ce

Kafin a ɗora wa lantarki laifi, akwai abubuwa huɗu da ya kamata a kawar. Na farko shi ne zaman firjin. Tun da nauyi ne ke dawo da ruwan, dole firjin ya zauna daidai ba karkace ba. Karkata kaɗan ta isa ta sa ruwan ya taru inda bai kamata ba, zagayen ya tsaya. Abin da ya fi muni, idan aka bar shi a kunne a karkace na tsawon lokaci, tukunya takan yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa ya daskare ya toshe siririn bututun da ke ɗaga ruwa, kuma wannan toshewa ba ta da magani. Faranti da ɗan ruwa a kan murfin ya isa ya nuna ko zaman ya daidaita. Motar da ke tafiya ba ta da wannan damuwa, domin girgiza tana motsa ruwan. Motar da aka faka a gangare ita ce haɗarin.

Na biyu shi ne zafin gari. Ƙananan firji irin wannan sukan rage zafi ne da kimanin digiri 20 zuwa 25 ƙasa da na wurin da suke. A Turai, inda rana ta bazara takan tsaya wajen digiri 25, wannan ya wadatar har da ƙanƙara. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, cikin akwatin zai iya tsayawa kusan digiri 18 ko 20 da tsakar rana, alhali babu abin da ya lalace. Iyakar ƙarfinsa ke nan.

Na uku shi ne iska. Duk zafin da aka zuƙo daga ciki, da na tukunya, ta baya suke fita. Idan aka matse firjin da bango, ko aka jibge shi da kaya a but ɗin mota, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan ƙarfen, sanyi zai ragu sosai. Inuwa, tazara daga bango, da burushi mai laushi sukan dawo da firjin da aka yanke wa ƙauna. Wasu kan ɗaura ƙaramar fanka ta kwamfuta a bayansa, kuma tana taimakawa a lokacin zafi.

Na huɗu shi ne gaggawa. Wannan firji yana bukatar sa'o'i shida zuwa takwas, wani lokaci dare guda, kafin ya kai sanyinsa. Wanda ya cika shi da lemo mai ɗumi ya jona a mota ya buɗe bayan sa'a biyu zai rantse ya lalace. Ba a fafe gora ranar tafiya: a kunna shi tun daren jiya da wutar bango ko gas, a zuba masa kayan da suka riga suka yi sanyi.

Layin wutar bango

Wannan layi gajere ne: fulogi, fis, waya, makunni, tamostat, elimen. Ana bin sa ne daga soket zuwa ciki, kuma duk gwajin da ke buƙatar buɗe baya ana yin sa ne bayan an zare fulogi daga bango.

A fara da soket ɗin kansa, a jona masa wani abu a gani. Sannan fis ɗin da ke cikin fulogi mai baki uku. Bayan haka a sa mita a kan ma'aunin om, a ɗora bakunanta biyu a kan ƙafafun fulogi masu ɗaukar wuta, makunni a kunne, tamostat a murɗe zuwa ƙarshe. Da wannan gwaji ɗaya an auna layin gaba ɗaya. Lissafin abin da ya kamata a gani mai sauƙi ne: a ninka bolt da kansa, a raba da wat ɗin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin firjin. Yawancin ƙananan suna tsakanin wat 70 zuwa 100. Idan wat 85 ne, 230 sau 230 a raba da 85 zai ba da kusan om 620. Ganin adadi kusa da wannan yana nufin layin a haɗe yake. Idan mita ta nuna babu haɗi, a buɗe baya a auna kowane sashe shi kaɗai, har a kai ga wanda ya yanke.

Tamostat yana da siririn bututu da ke shiga cikin akwatin ya manne da ƙarfen sanyi. Idan bututun ya karye ko ya huje, tamostat ya tashi daga aiki, wuta kuma ba za ta wuce yadda ya kamata ba. Idan ya zame daga mazauninsa, sai ya riƙa jin sanyin da ba daidai ba. Mita a kan bakunansa biyu za ta nuna ko yana haɗawa idan an murɗa.

Elimen yana mutuwa ta hanya biyu. Ko zaren cikinsa ya tsinke, mita ta nuna babu haɗi, ko kuma garin da ya raba zaren da kwanson ƙarfe ya sha danshi ko ya ƙone, wuta ta fara zurarewa zuwa jikin firjin. Wannan na biyun shi ne ke sa na'urar kariya ta gida ta riƙa yanke wuta da zarar an jona, a gidajen da ke da ita. A gidajen da babu ita kuwa, kuma babu wayar ƙasa mai kyau, mai taɓa firjin ne wuta za ta ja. Ana gwadawa ne tsakanin bakin elimen da kwansonsa, kuma bai kamata a ga wani haɗi ba. Elimen da ya nuna haɗi a nan sai canji, da wani mai bolt da wat da kauri iri ɗaya, domin dole ya zauna tsam a cikin aljihunsa na jikin tukunya.

Akwai matsaloli biyu da suka fi shafar mu. Ta farko raunin wuta. Zafin elimen ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, ya fi haka faɗuwa. Idan wutar unguwa ta sauka daga 230 zuwa 180, elimen zai ba da kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na zafinsa. Ƙwan ɗaki zai kama, fanka za ta juya, amma tukunya ba za ta iya ɗaga ruwa yadda ya kamata ba. Don haka a auna bolt a soket a daidai lokacin da firjin ke ƙin sanyi, musamman da daddare ko a kan ƙaramin janareta. Sitabilaiza ƙarama tana magance wannan. Ta biyu ita ce firjin da ya fito daga Amurka ko Kanada, wanda aka yi wa elimen na bolt 120. Jona shi kai tsaye a wutarmu zai sa ya yi zafi fiye da ninki uku da rabi, ya ƙone nan take. A karanta takardar jikinsa kafin jonawa ta farko.

Layin batir

Nan ne ƙorafi ya fi yawa, kuma mafi yawansa daga rashin sanin abin da aka yi layin dominsa ne. Bolt 12 na tafiya ne kawai, domin riƙe sanyin da aka riga aka samu yayin da injin mota ke aiki. A yawancin waɗannan firji layin ba ya bi ta tamostat, yana jan wuta ne ba tsayawa. Wat 85 a kan bolt 12 kusan amfiya 7 ke nan. Batirin mota mai amfiya-awa 60 zai zubar da rabin cajinsa cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar idan injin a kashe yake, kuma da safe mota na iya ƙin tashi. Shi ya sa a Turai ake haɗa layin firjin ɗakin da mota ke ja ta hanyar rile, wanda ba ya sakin wuta sai injin na aiki. Wanda ya gwada irin wannan firji, mota a kashe, zai ga babu wuta, ya zaci lalacewa ce. Haka kuma mai tunanin ɗora shi a kan sola ya yi lissafi tukuna: wat 85 dare da rana ya kai kusan kilowat-awa biyu a kwana, nauyin da ya fi ƙarfin ƙaramin faifan sola da batir ɗaya.

Idan ya ƙi aiki injin na tafiya, a fara da fulogin da ake cusawa a soket ɗin sigari. A cikin bakinsa akwai ƙaramin fis na gilashi, a motar ma akwai wani fis na soket ɗin. Wannan soket ba a yi shi don ɗaukar amfiya 7 na sa'o'i ba. Bakinsa kan saki, ya yi zafi, roba ta narke. Fulogi mai zafi ko mai baƙin tabo alama ce ta haɗi mara kyau. Fis da ya ƙone kuma a maye shi da mai lamba iri ɗaya. Naɗa masa zaren waya ko takardar sigari hanya ce ta ƙona mota.

Sai maganar kaurin waya. A bolt 230 asarar bolt ɗaya ba komai ba ce, a bolt 12 kuwa babbar asara ce. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya murabba'i, idan firjin yana nesa da batir da mita biyar, zuwa da dawowa mita goma ke nan, za ta cinye kusan bolt 1.2 a hanya. Mai kaurin milimita huɗu murabba'i kuwa kusan 0.3 kawai za ta ci. Idan bolt 10.5 ne ke isa elimen, kashi uku cikin huɗu na zafinsa kawai zai bayar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna bolt a bakin waya firjin a cire. A haka mita za ta nuna 12 ko 13 ko da zare ɗaya ne ya rage a wayar. Awo mai amfani shi ne wanda aka yi a bakin elimen, firjin a jone yana jan wuta, a kwatanta da abin da ke kan batir. Bambancin da ya wuce rabin bolt yana nufin waya ta yi siriri, ko wani haɗi ya yi tsatsa, sau da yawa a wajen da wayar dawowa ta manne da bodin mota. Mai riwaya zai iya jan layi na musamman daga batir, da waya mai kauri da fis kusa da batirin.

Elimen na bolt 12 om ɗinsa kaɗan ne, kusan 1.7 ga mai wat 85. Wayoyin mita su kansu suna da ɗan nasu, don haka a fara haɗa bakunansu biyu a ga abin da suka nuna, a cire shi daga sakamakon.

'Yar wutar da ke ɓangaren gas

Ɓangaren gas ma yana da lantarkinsa, ko da yake babu batir. Maɓallin da ake dannawa ya yi ƙas yana haifar da tartsatsi a bakin bana, wato inda wutar gas ke kamawa. Idan babu tartsatsi, a duba wayarsa ko ta zame, ko farin tangaran da ke riƙe da bakinsa ya tsage, ko tazarar ta yi faɗi. Sannan akwai wani ɗan sanda na ƙarfe da ke zaune cikin harshen wutar. Idan ya yi zafi yakan haifar da wuta 'yar mitsitsiya, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba, ita ke riƙe bawul a buɗe. Da wuta ta mutu sai ya huce, bawul ya rufe gas. Idan wutar tana kamawa amma tana mutuwa da zarar an saki maɓalli bayan an riƙe shi daƙiƙa ashirin ko talatin, to ko sandan bai shiga harshen wuta sosai ba, ko notinsa ya saki a jikin bawul, ko ya mutu. Ba a ɗaure bawul ɗin don a tsallake shi, domin shi ne ke hana gas zuba.

Harshen wutar ya zama shuɗi. Rawaya mai hayaƙi alama ce ta datti: ƙura, yanar gizo, ko gidan zanzaro a bututun hayaƙi. Ba a tsokane ramin fitar gas da allura, don faɗaɗa shi yana ɓata awonsa. A kuma tabbata regileta ta dace da matsin da aka rubuta a jikin firjin, domin wasu na miliba 30 ne, wasu kamar na Jamus na 50. Fiye da komai, ba a kunna gas ɗin wannan firji a rufaffen ɗaki, ko tanti, ko cikin mota. Yana iya fitar da iskar nan mai guba marar wari da hayaƙin janareta ke kashe mutane da ita suna barci.

Idan bututun ne ya mutu

Warin amoniya mai hawa ka, ko garin rawaya a kusa da tukunya, yana nufin bututun ya huje. A kashe firjin, a fitar da shi waje, kada a taɓa garin da hannu don guba ne. Cikin bututun akwai matsi mai ƙarfi da haidirojin mai kama wuta, saboda haka ba a huda shi, ba a yi masa walda, ba a kuma ɗura masa gas ɗin firjin gida. Firjin da ya daɗe a ajiye wani lokaci yakan farfaɗo idan aka kife shi na wasu sa'o'i a kashe, aka miƙar da shi ya huta kafin a kunna, domin ruwan cikinsa ya sake gauraya. Wannan dabara ba ta buɗe bututun da ya riga ya toshe.

Mai niyyar saye ya auna bukatarsa. Inda gas yake samuwa kuma lantarki babu, wannan firji yana da amfani, ba ya ƙara, kuma ƙaramar tukunyar gas takan kai shi kwanaki da yawa. Wanda zai dogara da batir ko sola, ko yake son sanyi tabbatacce a tsakiyar bazara, ƙaramin firji mai kwamfuresa na bolt 12 ya fi masa, don cinsa kaɗan ne kuma zafin gari bai cika rinjayarsa ba. Maganin da ke buƙatar zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, kamar allurar rigakafi ko insulin, kada a damƙa shi ga firjin shaƙatawa sai da ma'aunin zafi a ciki ana dubawa. Idan kuma na gwanjo ne, kada a biya kuɗi sai an jona shi a shagon, an ji tukunya ta ɗauki zafi, an jira sa'a ɗaya ko biyu an taɓa ƙarfen ciki an ji ya fara sanyi. Fis da waya da elimen duk ana samun madadinsu, amma idan bututun ya mutu, akwati kawai aka saya.